Me Maciji Yake Gani?

A Sagnarigu, gundumar da aka yanke daga Tamale a 2012, gonakin masara suna nan har bakin sababbin gidaje. In maciji ya sari manomi, akan tambaya: don me shi, ba wani ba? Wani ya ce macijin ya dube shi ne ya zaɓe shi. Wani kuma ya ce turo shi aka yi. Kafin mai karatu ya ɗauki ɗaya, ya kamata ya san abin da idon maciji yake iya gani.

Maciji ba shi da fatar ido. Wani ɓawo ne garau kamar gilashi ya rufe idon, yakan kuma fita tare da saɓa. Shi ya sa ba ya ƙiftawa, mutum kuwa ya ɗauka harara ce. Idon mutum yana da ƙwayoyin ganin launi iri 3, yawancin macizai kuwa iri 2 suke da su. A 2016 masu bincike suka duba macizai iri 69, suka tarar idon masu farautar rana yana tare wani haske da ya wuce shuɗi, wanda mutum ba ya gani, na dare kuwa suna barinsa ya shiga. Mesa tana da ƙananan ramuka a leɓe masu jin ɗumin ɓera cikin duhu. Kububuwa, wadda ta fi kashe manoma a dajin Afirka ta Yamma, ba ta da su. Motsi take gani, ta ji rawar ƙasa, ta ɗanɗani iska da harshe.

To, ina fuskar wane cikin wannan? Ko gamsheƙa mai tofa dafi a ido, fuska take nema, ba ruwanta da mai ita. Ba a cewa mugunta sai da sani da nufi, abin da ke gaban kububuwa kuwa ƙatuwar ƙafa ce ta sauko kusa da kanta.

Mutum ne yake ara wa maciji idonsa, har da abin da ya daɗe yana riƙe da maƙwabcinsa. Wannan aro yana da tsada. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, ba ya kuwa jiran a gama binciken wanda ya turo. Sa'o'in da aka ɓata wajen zargi sun isa a kai mutum Asibitin Koyarwa na Tamale tun jini bai fara tsattsafowa daga dasashi ba.