Waƙar Masu Cin Guminsu: Ɗaukaka ko Lallashi?

Tambayar da ke ƙarƙashin duk waƙar da aka yi wa talaka ita ce ko tana ɗaga darajarsa ne, ko kuwa tana lallashinsa ya zauna inda aka ajiye shi. A Amurka, cikin shekarun 1970 da 1980, Bruce Springsteen da John Mellencamp sun shahara da waƙoƙin leburorin ƙananan garuruwa a lokacin da ake rufe masana'antu, amma ƙasar Hausa ta daɗe da kiɗan sana'a, wato kiɗan da kowace sana'a ta keɓanta da shi, kamar kalangu ga mahauta, dundufa ga maƙera, da gangar noma ga manoma.

Abin da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ƙara shi ne ɗaukar kuntigi, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ya waƙe karen mota, wato yaron direba, mutumin da sana'arsa ba ta da makaɗan gado, kuma ba shi da doki ko riga da zai yi kyauta. Tun da yabo a al'ada ciniki ne tsakanin maroƙi da mai mulki ko mai dukiya, yabon wanda ba zai iya biya ba ya zama shaida cewa mutunci ba a aljihu yake ba, abin da ya dace da matsayin da Musulunci ya ba neman halal.

Sai dai wahalar tana cikin kalmar haƙuri, wadda ke yawo a bakin mawaƙa fiye da kima. Haƙurin da addini ya yaba shi ne jure abin da Allah ya ƙaddara, kamar ciwo ko fari, ba yin shiru ga ubangidan da ya danne lada ba, domin hadisi ya yi umarni a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Waƙar da ta cakuɗa biyun nan ubangida take yi wa aiki, ko da sunan yaro ta ambata. A Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, magajin karen mota shi ne ɗan adaidaita sahu, wanda sana'arsa ta bunƙasa bayan an hana acaɓa a Kano a 2013, kuma sau da yawa babur ɗin ba nasa ba ne, dole ya haɗa balas ɗin mai shi kafin ya taɓa kuɗin cefane.