"Ai An Dai Gane" Ba Hujja Ba Ce

Ɗana, idan aka gyara maka rubutu, daina cewa "ai an dai gane". Wa ya gane? Kai da ka rubuta dole ka gane, tunda maganar tana cikinka. Mai karatu kuwa ba shi da komai sai abin da ka zuba a takarda.

Mutum ya tura wa ƙanensa saƙo ta waya: "bata kudin". Nufinsa a ba ta kuɗin. Amma da ya manne kalmomin biyu, kuma ya saba rubutu ba ƙugiya, sai saƙon ya iya zama ɓata kuɗin. Ka tuna rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya ne. Tun farko mai karatu yana ɗauke da kaya. Idan ka cire ƙugiya, ka haɗe abin da ya kamata a raba, ka ƙara masa wani. Ban ce ka tsaya jayayya a kan ƙananan abubuwa ba. A Nijar ana rubuta ƴa, a Najeriya 'ya, kuma ba wanda ya ɓata hanya saboda haka.

Sai dai kada ka ɗauka nahawu kaɗai zai fisshe ka. Akwai takardun ofis da za ka karanta, jimla ɗaya ta ci layi biyar, "dangane da" nan, "gudanar da" can, babu kuskure ko ɗaya, amma ka kai ƙarshe ba ka san wa zai yi me ba, ko yaushe. Irin wannan marubuci bai gama tunani ba ya ɗauki alƙalami, sai ya ɓuya a bayan "an" da "za a". Wannan cutar ta fi ta rashin ƙugiya muni, domin gyaran edita ba ya warkar da ita.

Lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, editanta Abubakar Imam ya san mutum ɗaya zai karanta ta a zaure, jama'a suna saurare. Yi wa kanka wannan gwajin. Karanta wa mahaifiyarka abin da ka rubuta da babbar murya. Duk inda ta tare ka da "wa?" ko "kamar yaya?", sa alama, ka koma ka sake jimlar, sannan ka bi ƙugiyoyi da rabon kalmomi ɗaya bayan ɗaya.