Ina Baƙon Birni Zai Kwana?

Mutumin Kwandiko ta ƙasar Gwaram a Jigawa da ya tashi zuwa Kano, ko don sarin atamfa a Kantin Kwari, ko kai riɗi Dawanau, ko rakiyar mara lafiyan da aka turo daga asibitin tarayya na Birnin Kudu zuwa asibitin Malam Aminu Kano, yakan fito da lissafin kuɗin mota da na abinci a ka, amma ba kasafai kuɗin makwanci ke shiga lissafin ba. Zai wuce Kwanar Huguma, ya haye gadar Wudil, zuciyarsa na kan wani ɗan'uwa da ke Hotoro ko Kurna. Ka ce masa ya kama ɗaki a otal, sai ya dube ka kamar ka zage shi, domin a kunnen mutanenmu kalmar tafe take da warin giya da ƙarar kiɗa, kuma ba a son jin ta kusa da sunan mutumin kirki. Ni kuwa a ganina wannan ƙyama, ko da yake daga kunya da tsoron Allah ta tsiro, ta sauka inda bai dace ba. Biyan kuɗin makwanci a birni halal ne tsantsa, wani lokaci ma shi ya fi kusa da taƙawa, kuma inda addini ke da magana mai nauyi shi ne wajen zaɓen gidan da za a kwana.

Babu mai ja cewa karɓar baƙo babbar ibada ce. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Ibrahim da ya gaggauta kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi tun bai san ko su wane ne ba, ya kuma ambaci mutanen wata alƙarya da suka ƙi saukar da Annabi Musa da abokin tafiyarsa. Mu ma mun ce baƙonka annabinka. Sai dai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito a kan liyafa fuska biyu gare shi, mu kuwa ɗaya muka fi riƙewa. Ya sa wa liyafa iyakar kwana uku, abin da ya haura sadaka ne, sannan ya hana baƙo ya zarce da zama har ya jefa mai masaukinsa cikin ƙunci. Ashe shi ma baƙo akwai haƙƙi a wuyansa. To, mu dubi gidan da yake nufa. Ciki da falo ne na haya, da mata da 'ya'ya biyar, ruwa kuma jarka-jarka ake saye wurin 'yan ga-ruwa. Da baƙo ya yi sallama bayan isha'i za a naɗe tabarmar yara daga falo, a tura manyan 'yan mata ɗakin maƙwabta, uwargida ta sake hura gawayi ta dafa shinkafar da aka ajiye don gobe. Maigidan zai yi murmushi ya ce ai gidanka ne, kuma har zuciyarsa yake faɗa, amma da asuba sai ya ci bashin burodi a shagon bakin layi. Ƙuncin da a zauren ƙauye sai an yi mako kafin a ji shi, a irin wannan gida daren farko yake farawa.

Malaman mazhabarmu sun hango wannan tun da daɗewa. Alƙurɗubi, a tafsirin ayar baƙin Annabi Ibrahim cikin Suratu Hud, ya kawo saɓani a kan wa liyafa ta hau. Shafi'i ya ga ta hau mutanen birni da na ƙauye baki ɗaya, Imamu Malik kuwa ya ga ba ta hau mutanen birni ba. Sahnun na Ƙairawan, mai Mudawwana, wanda ya rasu a 854, ya bayyana dalili: a birni akwai funduƙi, wato gidan saukar matafiya na biya, inda baƙo zai samu makwanci. Kafin su ma, wasu magabatan masu tafsiri sun fassara gidajen da aya ta 29 a Suratun Nur ta yarda a shiga ba tare da neman izini ba da cewa masaukan matafiya ne na kan hanya. Fiye da shekara dubu ke nan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Gwaram da Birnin Kudu ya san masaukin biya, har ya gina hukunci a kansa. Wanda ya ce kwanan otal al'adar Nasara ce ya manta da abin da ke cikin littattafan malaminsa.

Tarihin fatauci ma haka ya nuna. A da, fataken da ke zuwa Gwanja neman goro zango suke sauka, kuma a Salaga da Kumasi da Fagge akwai masu gida waɗanda saukar baƙi ita ce sana'arsu. A Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, Abner Cohen ya bayyana cikin littafinsa na 1969 yadda maigida ke ba mai shanu ko mai goro ɗaki da abinci da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Ba a miƙa kuɗin ɗaki a hannu, amma ana biya ta hanyar la'ada, kowa kuma ya san haka. Falke yana zaɓen maigida da idon basira, yana tambayar amanarsa kafin ya sauke kaya, domin da ɗan gari akan ci gari. Sunan otal ya ɓaci ne daga baya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta tashi, kuma a nan ne aka bar cinikin giyar da aka hana a cikin ganuwa, sai gidajen kwana da mashaya suka haɗu ƙarƙashin rufi ɗaya, suna ɗaya ya rufe su duka. Alhazan Jigawa da ke zuwa Makka da Madina kowace shekara a otal suke kwana, sai dai masauki muke ce masa, kuma ba wanda ya taɓa jin kunyar faɗa.

Mai ja zai ce tarihi daban, yau daban, kuma otal-otal da yawa a yanzu matattarar alfasha ne. Gaskiya ne, kuma samamen da Hisba ke kaiwa wasu gidajen kwana a Kano ya isa shaida. Amma wannan hujja tana wajabta zaɓe ne, kamar yadda samun mushe a wata kasuwa ke wajabta tambayar mahauci ba tare da an haramta nama ba. Abin tambaya na farko shi ne da me gidan yake ci. Gidan da ke ba da ɗaki na awa biyu, wanda ba ya tambayar suna balle katin shaida, ya riga ya faɗa maka sana'arsa, kuma kuɗinka zai shiga tukunya ɗaya da na ɓarna, alhali Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Na biyu, sunanka. Wani dare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raka matarsa Safiyya, sai wasu Ansar biyu suka wuce da sauri, ya tsayar da su ya sanar da su ko wace ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu zato. Idan shi ya tsare zukatan mutane daga zarginsa, malamin makaranta daga Gwaram ba shi da uzurin fitowa da asuba daga ƙofar da kowa ya san abin da ake yi a bayanta. Na uku, salla. An rangwanta wa matafiyi: tafiyar da ta kai mil 48 tana sa a yi ƙasaru, daga kudancin Jigawa zuwa Kano kuwa ta haura haka, muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Rangwamen na yawan raka'o'i ne, tsarki da lokaci suna nan yadda suke. Ɗakin da ke da buta a banɗaki, da ruwa a famfo ko bokiti, da 'yar kibiya a silin mai nuna alƙibla, da masallacin da za a ji kiran assalatu daga gare shi, ya fi mai firiji da talabijin wanda kiɗan ƙasa zai hana ka runtsawa har ka makara. Araha ba ta ado, tsada ma ba ta wanke gida, domin akwai manyan otal da ɓarnarsu ta fi ta ƙanana, labule ne kawai ya fi kauri.

A Legas ko Fatakwal mutum zai iya rasa gidan da babu mashaya a cikinsa. A nan ba na ganin a tsananta. Hayar ɗaki ƙulla ciniki ne a kan amfanin da ya halatta, kuma Manzon Allah ya rasu sulkensa na jingine wurin wani Bayahude da ya karɓi sha'ir a hannunsa, abin da ke nuna halaccin ciniki da wanda ba Musulmi ba. Baƙo ya nemi mafi dama-dama, ya nisanci teburin da ake shan giya a kai, ya rufe ƙofarsa.

Jayayyar da ta fi min nauyi ita ce ta zumunci. Dattawa na tsoron ranar da ɗa zai shiga garin kawunsa ya kwana ya fita ba a sani ba, kuma tsoronsu na kan hanya, don akwai masu fakewa da otal su yanke dangi. Amma zumunta a ƙafa take, ba a katifa ba. Wanda ya kama ɗaki, ya yi wanka, ya ɗauki tsarabarsa ta daddawa da gero ya je ya gaida kawu, ya ci tuwon dare tare da shi, sannan ya yi sai da safe, ya sada zumunci kuma ya bar gidan da sutura. Idan kawun mai yalwa ne, da ɗakin baƙi a gidansa, kuma zai ji ciwo in an ƙi sauka, to sauka wurinsa ya fi, don hana shi ladan liyafa ma rashin kyautawa ne. Hukuncin yana bin halin mai gida, baƙo kuwa yakan san halin, sai dai in ya so ya rufe ido.

Saura wanda ba shi da zaɓi ko kaɗan, kuma a nan maganar Sahnun take juyowa kan mutanen birni. An ɗauke musu nauyin liyafa ne saboda akwai funduƙin da matafiyi zai iya shiga. Idan kuɗin ɗaki mafi araha ya fi ƙarfin manomin da ya sayar da akuyarsa don sayen magani, dalilin rangwamen ya raunana. Duk mai shiga manyan asibitocin Kano da dare ya san masu jinya da ke shimfiɗa kwali da zani a baranda da gindin bishiya, da yawansu mata daga ƙauyukan Jigawa da Bauchi da Katsina, waɗanda kunya ba za ta bar su su doshi otal ba ko da suna da kuɗin. Ɗan hanya yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ba rabo a zakka, ko da mawadaci ne a garinsu. A ƙasashen Musulmi na da, sarakuna da attajirai sun gina wa matafiya masaukai a matsayin waƙafi, wasunsu suna tsaye har yau a Alƙahira da Fas. Attajiranmu sun iya gina masallaci kusa da masallaci. Ɗakuna ashirin a bayan asibiti, ɓangaren maza daban na mata daban, da rijiyar burtsatse da maigadi, kwana uku kyauta sannan a biya abin da ya sawwaƙa, ba za su gagari attajiran ba, kuma ƙungiyoyin 'yan asalin Gwaram da Birnin Kudu mazauna Kano za su iya fara irinsa da gidan haya guda.