Kati ba shi da baki, ni ke da shi

Ƴan uwa ɗalibai, ga tambayar da ta daɗe tana damuna: in ka faɗi magana da wasa, wani ya ɗauke ta da gaske, alhakin na wane ne?

Bara, saura wata biyu mu yi bak, yayana da ke karatu a Faransa ya zo da kartar tarot. Ba irin wadda muke buga belot da ita a fada ba ce. Kati 78 ne, 22 manya masu hotuna, sauran 56 an kasa su gida huɗu: kofuna, takubba, sanduna da kuɗi. Ƴar takardar da ke cikin kwalin ta ce kofi soyayya ne, takobi rigima, sanda aiki, kuɗi kuwa dukiya. Dare ɗaya na haddace ta, washegari na zama mai duba a fadarmu, ana shan shayi ana raha.

Wani abokina ya jawo kati na 13, ƙwarangwal riƙe da lauje. Takardar ta ce yana nufin ƙarshen wani abu da farkon wani. Ni kuwa dariya nake so a yi, sai na ce masa: "Abokina, bak ɗinka ya mutu." Kowa ya tuntsire, ban da shi. Ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, kuma na sani. Sati biyu bai zo bitar da muke yi da dare ba.

Abin ya tsaya mani a rai, na shiga binciken asalin kartar. Ashe a arewacin Italiya aka fara ta, wajen 1440, don wasa kawai. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya ce wai sirrin Masar ta dā ne ke ciki, alhali a lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'auna. Kenan mutane ne suka ɗora ma kofi soyayya, suka ɗora ma takobi rigima.

To, in haka ne, mai fassara ba shi da wurin ɓuya. Katin nan fassara biyu gare shi, ni na zaɓi mai zafin. Wani zai ce laifin abokina ne, mi ya sa ya yarda da hoto? Yana da nasa rabon, gaskiya. Amma mai tsoro ko inuwa ya gani sai ya ce dodo ne, kuma na san yana cikin tsoro lokacin da na buɗe baki. Wasan da ni kaɗai na san wasa ne, ba wasa ba ne.

Na same shi gida, na ce ya yafe mani, na gaya masa abin da takardar ta ce. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ni ba katin na ji tsoro ba. Na zaci abin da kake gani game da ni ne ka faɗa."