Kwalbar Nan Mai Kumfa A Wurin Walima

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta wa bayinsa abubuwa masu daɗi da tsarki, ya kuma hana su abin da zai cuce su. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kowa ya sani a ƙasar Danja, da sauran garuruwan noma na wajen Funtuwa da Malumfashi, daga kaka zuwa rani shi ne lokacin aure. Idan an cashe masara, an sayar da waken suya, rake ya isa sara, kwandunan tumatir kuma sun fara hawa mota, sai kuɗi su shigo hannun manomi, a shiga ɗaurin aure da walima. To, a 'yan shekarun nan wata baƙuwa ta shigo cikin walimar masu hali, watau wata doguwar kwalba mai kauri, an naɗe wuyanta da takarda mai ƙyalli, an ɗaure murfinta da waya. Idan an buɗe ta sai ta yi ƙara, kumfa ya taso. Masu kanti a Funtuwa da Zariya suna kiranta wayin, suna cewa ba ta da maye. Jama'a kuwa sun rabu biyu a kanta. Wasu sun ce ruwan inabi ne kawai, wasu sun ce giya ce aka sake wa riga. Ya kamata mai shirya walima ya san abin da zai ajiye gaban baƙinsa tun kafin ya miƙa kuɗinsa.

Asalin wannan kwalba daga Turai ne. Akwai wani yanki a arewa maso gabashin Faransa da ake kira Shampen, kuma sunansa ne giyar ta ci. Sukan matse inabi, su bar ruwan ya ruɓa har ya zama giya, sa'an nan su ɗura a kwalba, su ƙara sukari da yis, su toshe. Sai ya sake ruɓa a ciki, iskar da ruɓar ke fitarwa ta rasa hanyar fita, ta narke cikin ruwan. Wannan ne asalin kumfan, shi ne kuma dalilin kaurin kwalbar da ɗaurin waya, domin kada ƙarfin iskar ya tunkuɗe murfin. Sinadarin mayen da ke cikinta yakan kai wajen kashi 12 cikin 100. Turawa sun kasa ta bisa ga yawan zaƙi. Wadda aka rubuta wa Brut, sukarinta bai kai giram 12 a lita ba. Demi-Sec tana tsakanin giram 32 da 50, Doux kuwa ta haura 50. A manyan liyafofinsu sukan ajiye mai zaƙin sai ƙarshen abinci, a sha ta tare da kayan zaƙi. Italiya ma tana da irin tata mai suna Asti, mai zaƙi ƙwarai, mayenta bai kai na Shampen ba, amma dai giya ce.

An kawo wannan bayani ne domin a gane cewa zaƙi ba shaidar tsarki ba ne. Mutane da yawa suna zaton giya dole ta yi ɗaci ko wari irin na burkutu, alhali kuwa akwai wadda yaro zai sha ya ce lemo ne. A kan irin wannan babu wata jayayya. Allah ya haramta giya mataki-mataki, a cikin Suratul Baƙara aya ta 219, da Suratun Nisa'i aya ta 43, har hukunci ya yanke a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, yana cikin zuba wa mutane abin sha a gidan Abu Ɗalha labarin haramcin ya iso, nan take aka malalar da shi a hanyoyin Madina, ga shi kuwa daga dabino aka yi shi. Sayyidina Umar ya bayyana a kan mumbari cewa duk abin da ya lulluɓe hankali giya ne. Mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce galibin jama'ar ƙasar nan ke bi, ta tsaya a kan cewa abin da mai yawansa ke sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, ya yi gargaɗin zuwan mutanen da za su sha giya suna kiranta da wani suna dabam. Hukunci yana bin abin da ke cikin kwalba, ko da me mai kanti ya kira shi.

Sauran kwalaben da ake cewa ba su da maye kuwa iri biyu ne, kuma da yawan masu saye ba su bambance su. Na farko shi ne ruwan inabi ko na tuffa wanda bai taɓa ruɓa ba, aka dai ɗura masa iska da inji kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Wannan halal ne a kan kansa, ba shi da bambanci da zoɓo. Na biyu shi ne wanda aka fara yi giya sosai, daga baya aka janye mayen da na'ura. Dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira shi wanda aka cire wa maye matuƙar abin da ya rage bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Malaman zamani sun yi saɓani a kansa. Wasu sun duba ƙarshensa, suka ce tun da ba ya bugarwa kome yawan da aka sha, sunan giya ya faɗi daga kansa. Wasu sun duba farkonsa, suka ce ba a samunsa sai an ƙera giya da gangan, kuma mai matse giya da wanda aka matse dominsa suna cikin waɗanda hadisi ya la'anta. Kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya ɗauki wannan ra'ayi na biyu a 2011. Mai tsoron Allah, idan ga mai shakka ga wanda babu shakka a kansa, ba ya bukatar dogon tunani.

Akwai wani abin lura game da shi kansa kumfan. A zamanin Annabi akan jiƙa dabino ko busasshen inabi a ruwa a sha, ana kiransa nabizu. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan sha irin wannan jiƙo har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan haka ba ya ajiye shi. Wata rana kuma Abu Huraira ya kawo masa jiƙon da aka yi cikin duma, aka tarar yana tsiyayar kumfa, sai ya yi umarni a zubar. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan malamai, ya ambaci hanin yin jiƙo cikin duma, dalili kuwa yana gaggauta ruɓa. Manomin rake na Danja ya san wannan da idonsa. Ruwan rake idan an matse, tilas a ɗora shi a wuta a ranar a dafa mazarƙwaila, in an bar shi ya kwana cikin zafi sai ya yi tsami ya fara kumfa. Haka nan dawar da ake kunun zaƙi da ita, da ita ake burkutu, ruɓa da tsawon kwanaki ne suka raba su. Watau a da, kumfa alama ce ta cewa abin sha ya juya. Amma tun da wani Bature mai suna Joseph Priestley ya gano hanyar narkar da iska cikin ruwa a Ingila wajen 1767, kumfa ya daina zama shaida. Yanzu ido ba ya iya raba halal da haram a cikin kwalabe biyu masu kama ɗaya. Abin da ya rage shi ne karatu. A jikin kwalbar giya akan rubuta adadin mayen da ke ciki, lamba tare da alamar kashi cikin ɗari. Lalle ne mai saye ya duba, in bai iya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya duba masa, domin kantunan wasu birane suna jera iri biyun kusa da juna, kuma wanda aka aika sayayya ba kullum yake sanin bambanci ba.

To, a ce an tabbata ruwan inabi ne tsantsa. Shin magana ta ƙare ke nan? Masu ganin ta ƙare suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce Allah ya yi faɗa a Suratul A'arafi aya ta 32 ga masu haramta abubuwan daɗi da ya fitar domin bayinsa, kuma haramta halal laifi ne kamar halatta haram. Sun ce Manzon Allah da kansa yana son zuma da kayan zaƙi, kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa abin shan da ya fi so shi ne mai zaƙi mai sanyi. Sun ce kwalba gilashi ce, gilashi kuwa ba shi da addini. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu wanda ya isa ya kira mai shan ruwan inabi mashayi.

Sai dai akwai tambayar da ta rage. Ruwan inabi ana sayar da shi a kwali da araha. Me ya sa mai walima zai ninka kuɗi ya saye shi cikin kwalba mai waya a wuya? Kamfanonin da ke yin ta sun san amsa, shi ya sa suka kwaikwayi siffar Shampen tun daga gindi har murfi. Abin da ake biya wa kuɗin shi ne kamannin. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya taɓo wannan mas'ala a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya nuna cewa idan mutane suka shirya majalisi irin na mashaya, da kofunansu da mai zagayawa yana zuba musu, suna gaisawa da irin kalmomin mashaya, to a hana su, ko da abin da ke cikin kofin halal ne, saboda kamanceceniya da mutanen ɓarna. Wanda ya girgiza kwalba a gaban ango da amarya, ya harba murfi sama, ya fesa wa mutane kumfa, aka ɗaga kofuna ana gwara su, ya kawo bikin mashaya ɗungurungum, giyar kaɗai ya bari. Fesawar kuma ɓarnar abinci ce, wadda aya ta 31 ta wannan sura ta hana. Yaran da ke leƙe ta katanga ba su karanta takardar jikin kwalba ba. Abin da suka koya shi ne, haka manya ke murna. Ranar da ɗayansu ya je Kaduna ko Legas aka miƙa masa ta ainihin, ba zai ji baƙuntarta ba.

Sa'an nan a tuna da manufar walima. Manzon Allah ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da akuya ɗaya ce. Walimar aurensa da Nana Safiyya kuwa dabino ne da cuku da man shanu aka cuɗa. Ya kuma kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da cewa ita ce mafi munin abinci. Kwalbar nan ba ta isa kowa, saboda haka a teburin manyan baƙi kaɗai ake ajiye ta, sauran jama'a a ba su ruwan leda. Kuɗin katan ɗaya kuwa zai cika robobi da zoɓo mai citta da kanumfari, ko kunun aya, ko ruwan tsamiya da aka zaƙaƙa da mazarƙwailar garin, kowa ya sha ya ƙoshi, har almajirin bakin ƙofa, kuɗin kuma su tsaya hannun matan unguwa. Manomin da ya sayar da buhun masarar da zai ci da damina domin ya sayi kumfa, shi zai nemi bashin taki idan ruwa ya sauka.

A taƙaice, wadda ke da maye haramun ce, kome zaƙinta kuma kome ƙanƙantar abin da aka kurɓa. Wadda aka fara yi giya sa'an nan aka cire mayen, barinta ya fi kuɓutar da addini. Ruwan inabi tsantsa halal ne, wanda yake da hali ya saya, ya buɗe a hankali, ya zuba a kofi, ya yi bisimilla ya sha da dama, ya bar al'adun da suka biyo kwalbar. Wanda kuma aka gayyata ya tarar da ita, kada ya yi gaggawar munana zato ga mai gida, ya tambaya cikin ladabi. In ta tabbata giya ce ake zagayawa da ita, to ya tashi, domin an hana mumini zama a kan teburin da ake shan giya.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya sa albarka a aurarrakin Musulmi, ya tsare zuriyarsu, amin.