MARI KO MAGANI?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, ga tambaya: ƙaninka ya kamu da shan kodin ko tiramol, har ya kai ga sace kayan ɗakin mahaifiya. Hukunci ya kamace shi ko magani?

A watan Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Abin baƙin ciki, da yawa iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Niyya mai kyau ba ta halatta zalunci.

Giya haramun ce, duk abin da ke gusar da hankali haka yake, babu tantama. Amma ku duba yadda aka haramta ta: a Baƙara an faɗi illarta, a Nisa'i an hana salla cikin maye, sannan a Ma'ida aka yanke. Mataki-mataki. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin wani Sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. To ina mu ina tsinuwa?

Mashayi mai laifi ne, kuma marar lafiya ne. Laifin sata yana da alƙali. Ba aikin wa ba ne, ba na malamin unguwa ba. Ciwon kuwa na likita ne, domin wanda jikinsa ya saba da tiramol in an yanke masa farat ɗaya sai zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Sarƙa ba ta maganin wannan.

Saboda haka kai da ke Kawo ko Badarawa ko Unguwar Shanu, kama hannun ƙaninka, ku haye gada zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. In ya dawo, ka raba shi da tsohuwar majalisa, ka nema masa sana'a, ka tashe shi Asuba. In ya koma, ka sake komawa da shi. Kada kunyar maƙwabta ta sa ku binne ɗanku da rai.

Allah Ya shirye mu da zuriyarmu. Wassalamu alaikum.