Zaure mai ƙofa biyu: ɗalibin Katolika a baƙunci

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An saba jefa wannan magana ga ɗan ci-rani da falke, amma ta fi kama ɗalibin da ya ƙetare iyaka don neman ilimi, ya iske addininsa ba shi ne na mutanen gari ba. Ba sai an je Turai ake ganin irin wannan ɗalibi ba. Tun da aka kafa jami'ar gwamnati a Maraɗi a 2010, wadda ake kira Ɗan Dikko Ɗankulodo, sannan jami'ar Maryam Abaca mai koyarwa da Ingilishi ta biyo baya a 2013, garin ya zama masaukin samari da ƴan mata daga Najeriya da sauran ƙasashe maƙwabta. A cikinsu akwai Kiristoci, a cikin Kiristocin akwai ƴan Katolika. Ƙasar da suka sauka kuwa, ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne.

A gida, ko Kafancan ne ko Kotonu, imanin wannan yaro ba shi kaɗai ke ɗauke da shi ba. Ƙararrawa na kiran sa, uwa na tashe shi, unguwa duka ta yi ado ranar Lahadi, har wanda bai yi niyya ba kunya ta kai shi majami'a. A Maraɗi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kiran salla ne ke raba masa yini gida biyar, babbar rana kuwa Juma'a ce. In ya kwana bai tashi ba ranar Lahadi, ba mai tambayar sa. Nan ne ake gane ko abin da ya zo da shi nasa ne, ko kuwa aro ne daga iyaye. Wasu sukan saki, a hankali, ba tare da sun yanke shawarar saki ba. Wasu kuma a nan suke fara riƙo da hannunsu.

Abin da ke tilasta masa tunani ba littafi ba ne, tambayar abokin ɗaki ce. A 2025 azumin Ramadan ya kama a farkon watan Maris, Larabar Toka kuma, wadda ke buɗe azumin Katolika na kwana 40, ta faɗo ranar 5 ga watan. Ɗalibai biyu a ɗaki ɗaya, kowa na cewa yana azumi, ɗaya ba ya haɗiyar ko ɗigon ruwa cikin zafin bazara, ɗaya kuwa yana sha, sai dai ya rage ci, ya bar nama ranar Juma'a, ya hana kansa wani abin da yake so. Dole Musulmin ya yi dariya ya ce wane irin azumi ne wannan. Dariyar ba ta mugunta ba ce, amma tana neman amsa, kuma amsar ba ta cikin abin da yaron ya haddace yana ƙarami. Sai ya koma ya bincika me ya sa ake yi. Mutum da yawa sun tsufa cikin addininsu ba a taɓa yi musu wannan alheri ba.

To amma ba a riƙe addini da tunani kaɗai, balle Katolika, wadda ibadarta ta taro ce. Shi ya sa ɗalibin yakan nemi hanyar babbar majami'ar Maraɗi tun makon farko. Abin da yake iskewa a can jama'a ce wadda galibinta baƙi ne kamar sa: ƴan Benin, ƴan Togo, ƴan Burkina, ƴan Najeriya, da ƴan ƙasa kaɗan. Shi kansa yankin bishop na Maraɗi sai a 2001 aka kafa shi, ya haɗa jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa, bishop ɗinsa na farko kuma, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina ne. A nan ɗalibi yake samun ƙungiyar mawaƙa, da wanda zai ranta masa kuɗi in saƙon gida ya makara, da matar da za ta kai masa kunu asibiti in masassara ta kayar da shi. Wanda bai taɓa ciwo a garin da ba a san sunan ubansa ba, ba zai gane girman wannan ba.

Sai dai a nan ne tambayar ta yi nauyi. Jama'ar da ke rufa wa baƙo asiri tana iya rufe shi baki ɗaya. Akwai ɗalibin da zai yi shekara huɗu a Maraɗi, daga aji sai majami'a, daga majami'a sai ɗakin haya, ya koma gida da digiri bai iya gaisuwar Hausa da ta wuce "sannu" ba, bai taɓa zama a tabarmar suna ko ta ta'aziyya ba. Shi a ganinsa ya tsare imaninsa. A gaskiya ɗaki ya shiga mai ƙofa ɗaya. Magabata da suka tsara gidan Bahaushe sun yi wa zaure ƙofa biyu, ɗaya na duban cikin gida, ɗaya na duban titi, kuma a nan ake saukar baƙo. Jama'ar addini a baƙunci, in ta yi aikinta, zaure ce: a huta a cikinta, a sha ruwa, a fita ta ɗaya ƙofar. Koyarwar cocin ma ba ta ce a kulle ba; tun 1965 babban taron Batikan na biyu ya bayyana girmamawa ga Musulmi, ya kuma nemi a manta da tsohuwar gaba.

Wani zai ce wannan magana ce ta mai zaune a inuwa, kuma yana da hujja. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu. A Yunin 2019 an cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi kanta. Wanda ya ji wannan labari kafin ya hau mota, ba za a zarge shi ba in ya tafi yana waiwaye. Sau da yawa ba shi ya rufe ƙofar titi ba, daga waje aka danno ta. Amma ranakun nan guda sun nuna wani abu: sa'ad da majami'a ta kama da wuta, mafakar da ta rage wa wasu Kiristoci ita ce gidan maƙwabci Musulmi da ya buɗe musu. Wannan ƙofa ba a ranar tashin hankali ake sassaƙa ta ba. An sassaƙa ta ne tun da daɗewa, da gaisuwar safe da kwanon tuwon salla da ake aikawa ta kan danga.

Ke nan rabin nauyin na kan mai masauki. Ɗalibin da ya tashi a Mai Yara, can cikin ƙasar Dakoro, yana iya gama kwaleji bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba. A jami'a zai fara ganin sa, da giciye a wuya. Tarihin addininsa ya riga ya ba shi abin koyi, domin Musulmin farko da suka gudu daga Makka wajen shekara ta 615, sarkin Habasha Najashi ne ya sauke su, shi kuwa Kirista ne. Kuma in Allah ya ba shi tallafin karatu ya tafi Faransa ko Sin, shi ne zai wayi gari ba ladan, yana duba agogo don sanin azahar, yana neman ɗan lungun da zai shimfiɗa darduma ba a hantare shi ba.

Akwai wurin da zauren yake ƙarewa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. In abota ta zama soyayya, shari'ar Musulunci ba ta yarda Musulma ta auri wanda ba Musulmi ba, cocin Katolika kuma ba ta ɗaura auren ɗanta da wanda ba a yi wa baftisma ba sai da izinin bishop. Samari da ƴan mata sun sha kuka a bakin wannan iyaka, kuma babu taron fahimtar juna da ya isa ya share ta. Abin da ke hannun malamai ya fi wannan ƙanƙanta. Darasin ramuwa da ba wanda zai yi gangancin sa shi da ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, ana sa shi da safiyar Lahadi ba tare da an waiwaya ba, don a aji mai ɗalibi 60 mutum biyu ne kawai zai shafa, su kuma biyun ba za su ɗaga hannu su yi magana ba.